In jirgin Kano ya iso Maraɗi, wa zai hau?

Tun ranar 9 ga Fabrairun 2021 da marigayi shugaban Najeriya Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kusan duk bayanin da manya ke yi a kansa bayanin kaya ne: kwantena, siminti, taki, mai, da yadda za a janyo hajar ƴan kasuwar Nijar daga tashar Kwatano da ta Lome zuwa ta Legas. Da wannan hujja ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya riƙa kare aikin a gaban ƴan ƙasarsa masu tambayar dalilin kashe kusan dalar Amurka biliyan 2 don kai jirgi wata ƙasa. Ban ga laifinsa ba, dole ya gaya wa masu biyan bashin abin da za su samu. Amma ni mutumin Gazawa ne, damuwata daban take. In jirgin nan ya fara aiki, tsohuwar da ke son ganin jikokinta a Fagge, da manomin aya na Cadawa, da saurayin Tibiri mai zuwa cin rani, suna da wurin zama a cikinsa?

Layin kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ke shimfiɗa shi. Zai tashi daga Kano ya bi Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, ya tsallaka iyaka ya tsaya Maraɗi, da reshe guda zuwa Dutse. An ce wata 36 za a gama, wa'adin ya daɗe da wucewa. Duk wanda ya san tarihin ƙasar nan, in ya ji jerin garuruwan, ya san hanyar gida ce aka lissafa. Daura da rijiyar Kusugu. Katsina da hasumiyar Gobarau, birnin da sarakunan Haɓe suka baro bayan jihadi suka zo suka kafa Maraɗi, har gobe kuma Sarkin Katsina ake ce wa mai sarautar Maraɗi. Gobirawan Tibiri da ke yankin Gidan Rumji, danginsu na Sabon Birni da Isa. Da wuya ka shiga gida a Agiye ko Gangara ba ka tarar da wanda ya yi karatun allo a Kano, ko ya aurar da ƴa a Katsina, ko ya binne uba a can ba. Mutanen da ke wannan zirga-zirga ba sai an ƙirƙiro su ba, kullum suna tasha da asuba.

Na san yadda tafiyar take yau, don ina yin ta. Ka fito bayan sallar asuba, ka jira mota ta cika, ko ka bi ta Maraɗi da Ɗan Isa, ko ka yanke ta Ɗankama ka faɗa Katsina. A zauna mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, kaji da buhun wake a bayan mota. Daga nan sai shingaye. A sauko da ku, a karɓi katin ɗan ƙasa, a juya shi gaba da baya, a ce ka zagayo. Na taɓa ganin wata baiwar Allah da za a kai asibiti, tana kwance a jikin ƴarta, an tsayar da motar a rana har ta fara haki, saboda wani fasinja bai ba da abin da aka nema ba. Tafiyar da ya kamata a ci abincin rana a Kano sai ta kai mutum magariba, ya isa a gajiye, guzurinsa ya ragu tun bai sayi komai ba. Wanda bai sha wannan wahala ba, ba zai gane dalilin da ya sa talakan Maraɗi ke ɗokin jirgi ba.

Sai dai mun taɓa ganin jirgi ya zo kusa da mu, kuma ba don mu ya zo ba. Layin dogo ya isa Kano a 1911. Ba a jima ba gyaɗa ta zama sarauniyar noma, Alhasan Ɗantata da irinsa suka yi suna, aka riƙa jera buhuna dala-dala a bakin tasha. Turawan Ingila suka miƙa reshe zuwa Ƙauran Namoda a 1929, wani zuwa Nguru a 1930, duka biyun suna fuskantar iyakarmu, duka biyun don kwasar amfanin gona. Gyaɗar Tasawa da ta Agiye da ta Maraɗi, wadda kakanninmu suka noma don biyan haraji, a bayan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci, ta bi ta Kano ta hau jirgi ta tafi bakin teku. Da Faransawa suka ga ribar sufurin na tafiya hannun Ingila, sai a farkon shekarun 1950 suka ɓullo da shirin Hirondelle, motoci su kai gyaɗa Faraku, jirgin Dahome ya kai ta Kwatano. Bayan samun ƴanci aka kafa kamfanin SONARA a 1962 ya ci gaba da sayen gyaɗar. A duk wannan lissafi, buhu aka yi wa hanya. Manomin da ya cika buhun, in zai je Kano, ƙafarsa ce ko bayan a-kori-kura. Fari na 1973 da 1974 da cutar gyaɗa da ta biyo baya suka kashe kasuwar, dalar gyaɗa ta ɓace, rassan nan suka mutu a tsaye. Layin da aka gina don haja guda, ranar da hajar ta faɗi shi ma ya faɗi.

Darasi na biyu kuwa a cikin gida yake. A watan Janairun 2016 aka yi bikin buɗe layin Yamai zuwa Doso, kusan kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. Aka hau, aka ɗauki hoto. Rikicin shari'a a Benin ya hana a haɗa shi da Faraku, layin ya zauna ba fasinja ba kaya. Mutanen Doso ba su taɓa sayen tikiti sun je Yamai da shi ba. Abin da ciwo, kuma ba na son a maimaita shi a Maraɗi.

Akwai wata gaskiya da masu zancen kwantena ba su cika faɗa ba. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga Legas ya tsaya Ibadan a 2021. Wani ya haɗa Abuja da Kaduna tun 2016. Na Kaduna zuwa Kano an aza harsashinsa a Yulin 2021. Tsakanin Ibadan da Abuja kuwa ba a shimfiɗa sabon layi ba, tsohon na Turawa kuma siriri ne, taragon wannan ba ya hawa wancan. Ke nan kwantenar da aka sauke a tashar Apapa ta Legas ba za ta miƙe kan sabon ƙarfe har Maraɗi ba sai an cike wannan giɓi, kuma cike shi aikin shekaru ne. Kafin nan, wa zai ciyar da jirgin Kano? Mu ne. Fasinja, da mai buhu biyar na aya ko riɗi ko wake da ke son kai su kasuwar Dawanau da kansa ba tare da dillali ya cinye ribar ba, da matan da ke zuwa Kantin Kwari sayen atamfa da kayan ɗakin amarya, da masu dabbobi gab da babbar sallah. Ko ta fuskar riba aka duba, ƙaramin mutum shi ne abokin cinikin farko.

Saboda haka nake ganin kuskure ne hukumominmu su naɗe hannu su ce aikin Najeriya ne. Kuɗin na Najeriya ne, gaskiya. Amma yadda za a tsallaka iyaka, wannan yarjejeniyar ƙasa biyu ce, kuma a nan komai zai gyaru ko ya ɓaci. In za a tsayar da jirgi a Jibiya a sauko da kowa, a sake tsayar da shi bayan an tsallako a sake saukowa, to an ɗauko shingen mota ne an ɗora a kan dogo. A duba takarda da kaya sau ɗaya, a tasha, jami'an ƙasashen biyu suna zaune wuri guda, kuɗin da doka ta yanke a rubuce a bango da Hausa, boko da ajami, a ba mutum rasit. Katin ɗan ƙasa ya isa shaida. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025, don kada wata rana a ce wa tsohon da bai taɓa riƙe fasfo ba ya kawo fasfo kafin ya je ta'aziyyar ƙanensa a Mashi. Mun ga abin da rufe iyaka ke yi: daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris na 2024. Kasuwanninmu sun yi sanyi, na Jibiya da Katsina ma haka. Ya kamata a rubuta tun yanzu cewa saɓanin shugabanni ba zai tsayar da taragon marasa lafiya da masu zumunci ba.

Tikiti kuma a sayar da shi a taga, da sefa da naira, kada a ce sai ta waya. Yawancin waɗanda nake magana a kansu ƙaramar waya gare su, wasu ba su da ita. A ware tarago mai araha da wurin ajiye buhu. Jirgin kuma Maraɗi zai tsaya, ba Gazawa ba, ba Gidan Rumji ba. Babbar hanyar kwalta ta haɗa mu da Maraɗi, amma ƙauyukan da ake noman ayar suna can cikin rairayi, da damina amalanke kaɗai ke fita. In ba a gyara waɗannan hanyoyi ba, aka kuma gina rumbun ajiya kusa da tasha da ƙananan manoma za su iya haya, manyan alhazai ne kaɗai za su mori jirgin. Direbobinmu da ƴan kamasho na tsoron rasa abinci. Ni ina ganin aikinsu sauyawa zai yi, daga doguwar tafiya zuwa jigilar ƙauye da tasha, kuma gara a zauna da su tun yau.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Yankin Gidan Rumji da na Madarunfa sun sha satar mutane da shanu, sun kuma karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato tun 2019. Jibiya na cikin wuraren da ƴan bindiga suka fi addaba. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashe wasu zuwa daji na tsawon watanni, ya nuna cewa ƙarfe ba ya tsare kansa. Amsar ita ce sintirin haɗin gwiwa da tafiyar rana, da sa mutanen ƙauyukan da layin ya ratsa su ji nasu ne. Wanda aka karɓe gonarsa ba a biya shi diyya ba, ba zai kawo rahoton baƙuwar fuska ba.

Ina son ƴaƴanmu su ga Kano ba a matsayin wurin dako da tura baro kaɗai ba. Malamin makaranta a Agiye ya iya ɗaukar ajinsa su hau jirgi da safe, su hau dutsen Dala su hango birni, su shiga Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, su leƙa marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, su kalli Hawan Daushe, cikin hawan sallar da UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2024. Su ma Kanawa su zo su ga hawan sallar Maraɗi da fadar Tibiri, su ziyarci kushewun waliyyai a bakin tafkin Madarunfa. Tarihin Hausa ɗaya ne, iyakar da Turawa suka shata ce ta sa kowane ɓangare ke karanta rabinsa.

Kirana ga gwamnan jihar Maraɗi, da Sarkin Katsinan Maraɗi da Sarkin Gobir na Tibiri, da masu riƙon ƙananan hukumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, da ƙungiyoyin manoma da na mata ƴan kasuwa: ku nemi a nuna muku yarjejeniyar tafiyar da layin nan tun kafin ranar yanka kyalle. Ku tambaya jirgin fasinja nawa zai tashi a rana, nawa ne kuɗin kujera mafi araha, a ina za a duba takarda, buhu nawa aka yarda mutum ya shiga da shi. Amsar da aka ba ku, ku karanta mana ita a rediyo da Hausa.