Raina Kama Ka Ga Gayya: Ƙaramin Babur Da Doguwar Tafiya

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, mu ɗalibai da ƙananan ma'aikata, wadda ta cancanci a yi mata duban tsanaki, watau raina babur. Da zarar saurayi ya karɓi takardar digiri, ko kuwa ya ga albashinsa na fari, sai ya shiga ganin hawan babur ƙasƙanci ne, abin 'yan acaɓa da masinjan ofis. Ya gwammace ya ci bashin da zai shekara biyar yana biya, ya sayi tsohuwar motar da ta gama yayinta a Turai, wadda rabin wata tana garejin bakanike, rabin wata kuma tana ƙofar gida ba ko ɗigon mai a tankinta. In ka ce masa ga hutu ya zo, a tashi a je a ga Argungu ko Yankari, sai ya ce sai ya yi kuɗi tukuna. To, ni ra'ayina shi ne, ƙaramin babur ɗin nan da muke wa kallon hadarin kaji, mai inji si-si 100 ko 125, ya isa ya kai mutum ko'ina a duniya, balle cikin ƙasar nan, kuma a doguwar tafiya ya fi babba amfani ga mai ƙaramin ƙarfi. Ba da ka nake magana ba, akwai waɗanda suka gwada.

Mu fara da na gida. A shekarar 1957 wani ɗan Nijeriya, Olabisi Ajala, ya tashi daga birnin London a kan Vespa, irin mai ƙananan tayoyin nan da malamanmu na firamare suka yi yayi, ya yi shekaru yana ratsa ƙasashen Turai da Asiya. Ya shiga Tarayyar Sobiyat ta wancan zamani, ya isa Indiya har ya gana da Firayim Minista Nehru, sa'an nan ya rubuta labarin tafiyarsa cikin littafin An African Abroad, wanda aka buga a 1963. Har yau a kudancin ƙasar nan, in mutum ya cika yawo sai a ce da shi Ajala. A 2006 kuma wani dattijo marubuci ɗan Ingila, Simon Gandolfi, yana da shekara 73 a duniya, ya sayi Honda mai si-si 125 a Veracruz ta ƙasar Meziko, irin wanda ake kai wa mutane abinci gida da shi, ya hau har ƙarshen kudancin Ajantina, inda ƙasa ta ƙare sai teku. A 2009 wani saurayi, Nathan Millward, da izinin zamansa a Ostareliya ya ƙare, ya hau tsohon babur ɗin raba wasiƙu na gidan waya, Honda CT110, ya nufi gida. Wata tara ya yi a hanya daga Sidni zuwa London, ya ci kimanin mil 23,000, ta Indunusiya da Indiya da Pakistan da Sin da Rasha, inda ruwa ko doka ta tare shi ya ɗora babur a jirgi.

Amma labarin da ya fi koyar da darasi na manyan babura ne. A 2004 'yan wasan fim biyu, Ewan McGregor da Charley Boorman, suka tashi daga London zuwa New York ta gabas, a kan manyan BMW masu inji fiye da si-si 1,100, kowane ya haura kilo 250 kafin a ɗora masa kaya, ga motocin rakiya suna biye. Da suka shiga Mongoliya, inda hanya ta zama taɓo da duwatsu, sai nauyi ya zame musu ƙarfen ƙafa, in babur ya faɗi sai an taru kafin a tashe shi. Na mai ɗaukar hotonsu, Claudio von Planta, ya lalace, aka rasa mai gyara shi a wurin, dole aka saya masa wani ja ɗan Rasha mai arha a kasuwar ƙasar. Shi ma yakan ba da wahala, ba a ce ba. Sai dai duk inda ya tsaya akan sami mutumin karkara da ya san cikinsa, kuma a cikin taɓon da manyan ke nutsewa shi wucewa yake yi abinsa.

A nan asirin yake. Duk abin hawa, kome tsadarsa, wata rana zai tsaya maka a daji. Tambayar da ta kamata matafiyi ya yi ita ce, ran da ya tsaya, wa zai tashe shi? In Bajaj Boxer ko Jincheng ko Haojue ne ya mutu maka tsakanin Ningi da Bauchi, kafin ka tura shi zuwa ƙauye na gaba ka sami yaro a gindin bishiya da sufana a hannu, wanda ya kwance irinsa ɗari. Fulogi, sarƙa, wayar kuloci, takalmin birki, duk suna rataye a shagon kusa da mai shayi, kuma kuɗinsu bai fi ƙarfin aljihun ɗalibi ba. In kuwa babban babur ne mai kwamfuta a cikinsa, to, ka nemi motar da za ta ɗauke shi, ka zauna jiran kaya daga Ikko ko daga Jamus.

Wannan sauƙi ba haka nan ya faɗo daga sama ba. A 1974 kamfanin Honda ya tura ma'aikatansa ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Filifin da Pakistan, su gano yadda talakawa ke amfani da babur. Suka tarar ana ɗora masa miji da mata da 'ya'ya da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya yi kauri kamar kwalta, matatar iska kuma ta toshe da ƙura, ba a zuwa wurin bakanike sai abin ya ƙi tashi sam. Maimakon su tsaya zargin masu saye, sai suka koma suka ƙera injin da zai jure wannan wulaƙanci. Suka cire sarƙar cikin inji mai buɗe bawul, suka sa sandunan ƙarfe masu turawa, suka yi matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. Shi ne CG125 da ya fito a 1975, wanda kamfanonin Sin suka yi ta kwaikwayon injinsa har ya cika kasuwanninmu. Yayansa kuwa, Super Cub na 1958, kakan waɗanda muke kira roba-roba, an ƙera guda miliyan 100 zuwa 2017, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Watau abin da muke rainawa an yi shi ne musamman domin hanya irin tamu da aljihu irin namu.

Sai batun mai, wanda tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023 ya zama shi ne mai yanke hukunci a kan kowace tafiya. Ƙaramin babur mai lafiya, in ba a matsa masa ba, yana cin kilomita 40 ko fiye da lita guda. Daga Kano zuwa Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, lita 25 ke nan. Motar da ke cin kilomita 10 da lita sai ta sha lita 100 a wannan hanya. Kowa ya buga lissafin da farashin gidan man unguwarsu.

Za a ce ai ba ya gudu. Gaskiya ne. In kana son injin ya daɗe, kada ka wuce kilomita 60 zuwa 70 a awa, kuma bayan kowace awa ɗaya da rabi ka tsaya, shi ya huce, kai ma ƙugunka ya huta. Da haka kilomita 250 zuwa 300 za ka yi a yini, tafiyar Ikko ta zama ta kwana huɗu. Ga wanda aka aika da saƙon gaggawa wannan aibi ne. Ga wanda ya fito ganin ƙasa kuwa, ribar ke nan. Wanda ya shiga motar dare ya farka a tasha bai san inda dawa da gero suka ƙare doya ta fara ba, bai ga yadda rufin soro ke komawa na jinka ba, bai ji sanyin Filato ya fara ratsa rigarsa tun yana hawan tudu ba, bai tsaya a Jebba ya dubi Kwara daga kan gada ba. Mai ƙaramin babur dole ya tsaya sau biyar ko shida a yini, dole ya yi sallama, ya tambayi hanya, ya sha fura a inda ake damawa, ya yi salla a masallacin da bai san kowa ba. Kuma da yake abin hawansa irin na mutanen garin ne, ba a yi masa kallon baƙon da za a tatsa, hira ake yi da shi. Kakanninmu fatake da suka riƙa kai kanwa da tufafi Gwanja suna dawowa da goro, da jakuna suka yi ta, wata da watanni a hanya, zango bayan zango, shi ya sa suka san harsuna da halayen mutane, har suka kafa unguwanni a Salaga da Kumasi. Mu jikokinsu mun haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila har da na benci, amma a cikinmu akwai wanda ya gama jami'a a Kano bai taɓa leƙa rijiyar Kusugu ba. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa aikin bautar ƙasa a 1973 domin matasa su san juna, ga shi yanzu tun kafin takarda ta fito ake neman wanda zai sa baki a bar mutum kusa da gida.

Kada fa a ɗauka ina cewa abin ba hatsari. Akwai shi, babba ma kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kimanin miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a hatsarin hanya, kuma mai babur ba shi da ƙarfen da zai tare masa, jikinsa ne bodi. Shi kansa Gandolfi, a hanyarsa ta komowa, babbar mota ta buge shi ya karye a ƙafa. Ƙaramin inji ba shi da ƙarfin da zai fizge ka daga gaban tirela in ta matso, saboda haka babbar hanya mai cunkoson manyan motoci ba wurinsa ba ce in akwai wata. Tafiyar dare kuwa haramun ce ga mai hankali, domin fitilarsa ba ta nuna rami sai an faɗa. Hular kwano kuma ba don ɗan sanda ake sa ta ba. Da aka fara tilasta ta a Janairun 2009, wasu 'yan acaɓa ƙwarya suka kifa a ka, duniya ta yi mana dariya. Wanda zai yi kwana huɗu a kan titi ya sayi ta gaske mai ɗaure haɓa, ya sa takalmi rufaffe da safar hannu da riga mai kauri, ko da ana zafin bazara.

Abin da ya fi wannan ɗaci shi ne rashin tsaro, domin ya ɓata wa babur suna a ƙasar Hausa. 'Yan bindiga a kansa suke kai hari, saboda dalilan nan da na lissafa: ba ya shan mai, yana shiga ko'ina, ana gyara shi ko'ina. A sakamakon haka Kano ta hana acaɓa a 2013, jihohin Zamfara da Katsina da Kaduna suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura a 2021, a Nijar ma an hana hawansa a yankin Diffa a 2015, da wasu sassan Tillaberi a 2020. Iyakar Nijeriya da Nijar ta kasance a rufe daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗalibi ya hau babur ya bi duk hanyar da ya ga dama, ba masoyinsa ba ne. Akwai dazuzzukan da ba a bi, akwai garuruwan da baƙo a kan babur abin tuhuma ne. Amma a ce don haka a naɗe hannu a zauna a ɗaki, wannan ma ban yarda ba. Ƙasar da faɗi take. Direbobin tasha sun san hanyar da ke da lafiya a wannan mako da wadda ba ta da ita, tambayarsu kyauta ce, kuma dokar kowace jiha ana iya saninta kafin a shiga.

Saura maganar mutunci, wadda na san ita ce a ƙasan zuciyar da yawa daga cikinmu, ko da ba a furta ba. Wai me za a ce in an ga mai digiri a kan Boxer. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, malamin makaranta da akawun En'e da suka sayi Honda ko Vespa su ne abin kallo a gari, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Babur bai canja ba, idonmu ne ya canja.

Shawarata ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ita ce, a dogon hutu mai zuwa a gwada abin a aikace, a fara da kaɗan. Mutum uku ko huɗu sun isa, kowa da babur ɗinsa, kada a yi goyo, kada kuma a yi ayarin da zai tsorata masu shinge. Kowa ya riƙe lasisinsa da takardun babur da inshora da katin makaranta, a karɓi wasiƙar shaida daga ofishin kula da harkokin ɗalibai. A juye baƙin mai kafin a tashi, a sake juyewa bayan kowace kilomita 1,000, a duba sarƙa da iskar taya kowace safiya. A cikin jaka a sa fulogi guda, da tiyub, da kayan faci, da famfo, da wayar kuloci, da sufana uku ko huɗu, da galan ɗin ruwan sha, kaya duka kada su wuce abin da mutum zai ɗauka da hannu ɗaya. Daga Kano a bi ta Kazaure a kwana a Daura, kashegari a wuce Katsina a ga hasumiyar Gobarau, rana ta uku a komo gida, in masu hanya sun ce lafiya. Kimanin kilomita 400 ne, lita goma ga kowane babur. A tashi bayan sallar asuba, kuma duk inda la'asar ta riske ku, a nan za a nemi masauki.