Wa ke riƙe da makullin ruwan Goronyo?

Yau ku yi mini haƙuri, maganar ruwa zan yi.

Duk ɗan Boyekai, ko Wurno, ko Rabah, ya san damina fuska biyu gare ta a wajenmu. Ruwan da ke ba mu shinkafa da albasa da tafarnuwa, shi ne kuma ke shigo muna ɗaka cikin dare. Wanda ya kai hankali a Satumbar 2010 bai manta ba. Ruwa ya fi ƙarfin madatsar Goronyo, ya share ƙauyuka, ya cinye gonaki, har gadar da ke kai mutane Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai da ta karye. Shekara 8 bayan nan, a 2018, wannan madatsa ɗin dai ta koma kamar kashi 10 cikin 100 na cikinta, birnin Sakkwato ya shiga neman ruwan sha. Madatsa ɗaya, gulbi ɗaya, yau ambaliya gobe ƙishirwa.

Tambayata guda ce: wa ke jagorantar aikin fadamar Rima? Sunan mutum nike so, wanda in abu ya ɓaci za a ce ga shi.

Ku duba yadda anka rarraba abin. Madatsar, wadda anka gina domin ta riƙe ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ita kuwa ta Tarayya ce, Abuja take amsa wa. Hasashen ruwan sama na NiMet ne. Hasashen ambaliya na NIHSA ne, kowace shekara suna fitar da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Agaji na NEMA ne da SEMA. Filin gona da na gida kuma yana tsakanin ƙaramar hukuma da hakimai. Kowa na da takardarsa, kowa na da uzurinsa. Ranar da ruwa ya zo, sai a ce an sanar. An sanar da wa? Manomin da ke kwance bakin fadama bai karanta rahoton da anka ƙaddamar a ɗakin taro a Abuja ba.

Ni ban ɗora wa ma'aikacin madatsa laifi kai tsaye, domin aikinsa tsaka mai wuya ne. In ya saki ruwa da wuri, damina ta tsaya, ba ruwan noman rani, ba na sha, a zage shi. In ya riƙe, ruwan Bunsuru da Gagare da na Gulbin Maraɗi sunka taso lokaci guda, dole ya buɗe ƙofa da ƙarfi, mu da ke ƙasa mu kwashe. Ga yashi da laka da ke taruwa cikin madatsar shekara bayan shekara, cikinta na ƙara ƙanƙancewa. Wanga hukunci, na yaushe za a saki ruwa da nawa za a saki, ya shafi rayuwar dubban gidaje, bai kamata ya zama sirrin ofis ba.

Abin da nike kira gare shi shi ne gwamnatin jiha ta naɗa mutum guda, masanin ruwa, ta ba shi ofis da kasafi da ikon kiran duk hukumomin nan zama tun kafin watan Yuni. Na ce masani, kuma na san abin da nike faɗi. Mun san halinmu na 'yan siyasa: da an ƙirƙiro kujera sai a fara lissafin wa ya yi wahalar kamfe. Wagga kujera kam a bar ta. Ko ni da difloma ta anka ba, ku hana ni.

Aikinsa na farko mai sauƙi ne, ba ya cin kuɗi. Daga Agusta zuwa ƙarshen Satumba a riƙa faɗin tsawon ruwan madatsa kullum a Rediyon Rima da Hausa, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi. In za a buɗe ƙofa, saƙo ya isa ga hakimai da limamai da sarakunan ruwa tun da sauran lokacin kwashe dabbobi da abin rumbu. Sannan a shata iyakar inda ruwa ya kai a 2010, a daina ba mutane fili cikinta. Wanda ke ciki tuni a ba shi tudu, amma tudun da ke kusa da gonarsa, in ba haka ba wallahi zai komo. Madatsar Lugu da ambaliya ta lalata ta isa misali: manoman Wurno sun yi shekaru suna jiran gyara, noman rani na mutuwa a gabansu.

Zan faɗi wadda ba ta yi muna daɗi. Mu matasan jam'iyya muna cikin masu cin ribar wanga rikici. Ni da kaina na tsaya bayan mota ina rabon tabarmi da buhun masara, ana ɗaukar hoto, ana sa wa a Facebook. Wani dattijo ya karɓi nashi ya dube ni ya ce, ɗana, da kun zo jiya da labari da ya fi mini wanga buhu. Shanunsa biyu ruwa ya ci. Har yau maganar nan tana damuna.

Don haka duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a mazaɓar Boyekai, namu ne ko na wancan ɓangare, zan tashi a gaban jama'a in tambaye shi wa zai naɗa kan fadamar Rima, da kuma watan da zai naɗa shi. 'Yan uwa na Wurno da Rabah, ku yi masa irin wagga tambaya in ya iso gare ku, mu haɗa amsoshin mu buga su a shafin nan.