Gidan Kaso Ba Kabari Ba Ne

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa kai wa wani tuwo gidan kaso na Yamai? In ka taɓa, ka san gani ya kori ji.

Tun zamanin Turawa aka gina gidan nan. An gina shi don mutanen da ba su kai 500 ba. Amma a shekarar 2019 mutum fiye da 1,400 ke cikinsa. Dubi ɗakinka. In na mutum uku ne, sa mutum tara ciki, ka rufe ƙofa a watan bazara. Yaya za su kwana?

A shekarar 1999 an cusa ƴan kaso cikin ɗaki ɗaya a gidan nan. Iska ta ƙare musu. Mutum 29 suka mutu. Ba alƙalin da ya yanke musu hukuncin kisa. Cunkoso ne ya kashe su.

Za ka ce: "Ai ɓarayi ne, su suka jawo wa kansu." Tsaya tukuna! Da yawa daga cikinsu ba a yi musu shari'a ba ma. Jiran alƙali suke, wata da watanni. Ana tuhumar wani da satar akuya. Damina ta wuce, gonarsa ba shuka, iyalinsa ba hatsi. In aka ce ba shi da laifi, wa zai biya shi daminarsa?

Ko mai laifin ma, gobe zai fito. In ya fito ba sana'a, sai ya koma sata, wataƙila a garkenka.

Magani yana nan. A watan Maris 2020, saboda cutar korona, shugaba Mahamadu Isufu ya yi wa ƴan kaso 1,540 afuwa. Ashe ana iya rage cunkoso in an so! Sai annoba ta zo za a tuna da su?

Ga abin da muke nema. A yi shari'a da wuri. Mai ƙaramin laifi a sa shi aikin gari, kamar shara ko dashen itace, ya kwana gidansa. Wanda aka tsare a ba shi abinci da magani. A koya masa karatu, ɗinki ko kafinta.

Kai kuma, kar ka yar da naka. Ka ziyarce shi. Ka je gidan shari'a ka tambayi ranar shari'arsa. Kar ka gaji da tambaya.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.