Ba Kowace Ƙofa Ce Allah Ya Buɗe Ba

Bara wani mutum ya same ni a Zongon Kwatano, bayan na sauko daga shirin Hausa da nake gabatarwa a rediyo. Ya ce zai ɗauki nauyin shirin shekara guda, ya kuma saya mini mota. Abin da yake so kawai in riƙa gaya wa masu sauraro su zuba kuɗi a kamfaninsa, za a ninka musu cikin wata shida. Na tambaye shi wace sana'a ce take haifar da wannan riba. Ya yi murmushi, ya ce ni'imar Allah ce. Na ce masa a kai kasuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar 'yan'uwana a majami'a. Wani dattijo ya ce, "Ɗana, Allah ya buɗe maka ƙofa, ka sa ƙafa ka rufe. Ina bangaskiyarka?"

Baba, da girmamawa, ashe mun manta da ICC Services? A 2010 ya rushe a ƙasar nan ta Benin, bayan ya yi wa jama'a alkawarin riba mai yawan gaske, ya tafi da biliyoyin sefa na talakawa. Shugabanninsa da rigar masu ibada suka shigo, shi ya sa mutane suka saki jiki. Sai a ƙarshen 2018 kotun CRIET ta fara shari'ar a Porto-Novo. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ai ruwa zai shafa wa nasa.

Masu saurarona 'yan canji ne, masu shayi, mahauta, da matan da ke kasa kaya a Dantokpa. Yawancinsu Musulmi ne, sun san ni Kirista ne, kuma sun amince da muryata. Wannan amanar mutumin ya zo saye.

Mun mai da kowane tayi "buɗi". To, a Matiyu sura 4, wa ya yi wa Yesu tayin mulkokin duniya? A Farawa sura 14, Ibrahim ya ƙi dukiyar sarkin Saduma don kada gobe a ce shi ya azurta shi.

Ban kuma yarda da masu cewa ka ƙi yau, gobe Allah ya ba ka ninki biyu ba. Wannan ma ciniki ne. Yusufu ya ƙi matar Fotifar, kurkuku ya fara gani. Ni har yau zemijan nake hawa zuwa aiki, kuɗin haya kuma yakan sa in kwana ina juyi. Dogara ga Allah ita ce ka ce a'a ba tare da ka san abin da zai biyo baya ba.

Baba, gobe da safe zan buɗe makirufo in gaida mutanen Zongo ba tare da kunya ba. Ku taya ni da addu'ar kuɗin haya.