Ɗan'uwa, kari-oba ɗinka ba gicciye ba ne

'Yan'uwa ɗalibai, na GSU da Kashere da FCE, musamman mu 'yan zumunta, yau ku bar ni in taka wasu. Kalmar gicciye ta yi arha a bakinmu. Mutum ya faɗi kwas, sai ya ce gicciyensa ne. Abokin ɗaki ya cinye masa gari, gicciye. Budurwa ta daina ɗaga waya, shi ma gicciye. Haba jama'a!

Zazzaɓi ba ya tambayar addininka kafin ya kwantar da kai. Yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas cur, bai tsallake Musa ya kama Bulus ba. Wannan wahalar duniya ce, kowa na shan rabonsa. Ita kuwa kari-oba, in mun faɗi gaskiya, yawanci rashin karatu ne. Kada ka kwana a TikTok sannan ka ɗora wa Yesu.

Ku buɗe Markus 8:34 ku karanta abin da ya zo kafinta. Yesu ya gama gaya wa almajirai za a kashe shi, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa, don shi Almasihu mai mulki yake so. Nan ne aka yi maganar musun kai da ɗaukar gicciye. Masu sauraro sun san abin da ake nufi. A daular Roma gicciye hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, wanda aka yanke wa shi yake saɓa gungumen har wurin da za a kashe shi. A shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu an gicciye mabiyan Spartacus kusan 6,000 a gefen hanyar da ta shiga Roma. Wanda ya ɗauki itacen nan ya gama da shirin gobe. Luka 9:23 kuma ya nuna abu ne na kullum, ba na makon Ista kaɗai ba.

Saboda haka gicciye shi ne asarar da ka ga hanyar kauce mata, ka ƙi kaucewa, don kana bin Yesu. Leah Sharibu ta Dapchi, nan Yobe maƙwabciyarmu, an sace ta ran 19 ga Fabrairu 2018, aka sako 'yan'uwanta a watan Maris, ita aka riƙe don ta ƙi barin bangaskiyarta. Rabaran Lawan Andimi na Michika an kashe shi a Janairu 2020. Walter Gowans da Thomas Kent sun iso ƙasar nan a 1893, zuwa 1894 duk sun mutu, kuma daga aikin mishan ɗinsu na SIM, wanda ya kai Kaltungo a 1917, ECWA ɗin da muke alfahari da ita ta fito. Da wane baki za mu jera sakamakonmu na semesta kusa da waɗannan?

Wani zai ce to ni ba wanda ya ɗora min bindiga. Gaskiya ne. Naka ya fi ƙanƙanta, shi ya sa kunyar ta fi yawa in ka kasa. Ranar jarrabawa an turo amsa a gurup na WhatsApp, kowa ya buɗe, kai ka ƙi, ka fito da C. Ana haɗa kuɗi a kai wa wani don a gyara maki, ka cire sunanka, 'yan aji suna kiranka fasto. Amma mutum da sarƙar gicciye a wuya, takardar satar amsa a cikin safa, ya fito kuma ya ba da shaida a zumunta wai Allah ya yi masa? Wane Allahn?

Wurin da ya fi zafi shi ne ƙabila. Lokacin zaɓen shugabannin zumunta ya zo, sai ka ji ana raɗa: namu ne, Batangale ne, ɗan Waja ne, ɗan Tula ne. Musun kai ya haɗa da wannan kan, na gidanku da yarenku. Ya haɗa da ramuwa ma. Gombe ta ga jini, a cocin Deeper Life a Janairu 2012, da yaran Boys' Brigade a Istar 2019, ba wanda ya ce mu manta. Amma wanda muke bi ya roƙa wa masu kashe shi gafara yana kan itacen. In kana zagin abokin ɗakinka Musulmi a Facebook da sunan kare bangaskiya, takobin Bitrus ka ɗauka, kuma a Getsamani an ce masa ya mayar da shi kube.

Su kuma masu wa'azin da ke zuwa mana da alkawarin mota da biza, dan Allah shugabannin FCS, kafin ku sake gayyatar wani, ku tambaye shi yaushe rabon da ya yi wa'azi a kan Markus sura 8.