Hirar Zaure: Jifan Gatari



Wasiƙarmu ta wannan wata daga Mai'adua ta fito, can ƙasar Daura. Wani saurayi ne ya rubuto, shi ne shugaban zumuntar matasa a ikkilisiyarsu. Ya ce sun ga wani wasa cikin wayar hannu, Turawa maza da mata sun taru da dare a babban ɗaki suna jifan allon katako da gatari, ana tafi ana dariya. Su ma suna so su gwada ran Asabar da dare cikin majami'a, amma dattawa sun hana. Ya tambaya, "Baba, wannan zunubi ne?"

Ɗana, ba zunubi ba ne. Amma dattawanku ba su yi wauta ba. Zauna ka ji.

Wasan nan da ka gani ba daɗaɗɗe ba ne. A shekara ta 2006 wani mutum mai suna Matt Wilson ya soma tara abokansa a bayan gidansa, a birnin Toronto ta ƙasar Kanada, suna jifa don nishaɗi. Abu kamar wasa, sai ga shi ya zama sana'a, aka yi ta buɗe ɗakunan jifa a Kanada da Amurka da Ingila. To, akwai abin da wayar ba ta nuna maka ba. Kowane mai jifa da layinsa, an shinge shi dama da hagu. Yakan tsaya wajen ƙafa 12 daga allon, gatarin ya juya sau ɗaya a iska, ya kafe. Akwai mai koyarwa tsaye kusa da sabon shiga. Ba a shiga da silifa. Ba mai zuwa ciro gatarinsa sai na kusa da shi ya gama jifa. A wurare da yawa kuma ana sayar da giya, wannan kam mun bar musu.

Yanzu ga babbar maganar. Shiga ɗakin babarka ka ɗauko gatarin da take faskare da shi, ka dube shi da kyau. Gatarin Turawa ƙarfen ne ke da rami, ƙota ta shiga cikinsa, a buga mata abin da zai matse ta. Namu kuwa ƙotar ce ke da ƙulu a kai, maƙeri ya gasa wutsiyar ƙarfen ja wur, ya huda ƙulun da ita. Muddin sara kake yi, kowane bugu ƙara cusa ruwan gatarin yake yi cikin ƙota. Amma in ka wurga shi ya bugi allo da gindi ko da gefe, sai ƙarfen ya kwaɓe ya kama gabansa, ba ya tambayar wa ke zaune a can. Ina yaro na ga ruwan gatari ya fice a hannun mai faskare, ya wuce kan ƙanwata da kamar taƙi ɗaya, ya kafe a danga. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Littafi Mai Tsarki ma ya san wannan haɗari. Duba Maimaitawar Shari'a sura 19, inda aka yi maganar mutumin da ya tafi jeji saran itace da maƙwabcinsa, ƙarfen ya fice ya kashe maƙwabcin, har aka keɓe biranen mafaka domin irinsa.

Sai maganar dare. Mai'adua garin iyaka ne, ga Kwangwalam nan kusa, ga jami'an tsaro ko'ina. Samari goma sha biyar su nufi majami'a bayan lisha, kowa da gatari a kafaɗa, me kake tsammani maƙwabta za su ce? Masu bi ba su da yawa a wurin, dattawanku kuwa sun daɗe suna tattalin zaman lafiya da mutanen unguwa. Ina jin abin da suka hango ke nan, ko da ba su faɗa maka ba.

In har kuna son wasan, ku mai da shi bayan la'asar, a fili, bayan allon ya zama katanga. Ran Lahadi, bayan an tashi sujada, ku shiga kasuwa ku nemi ƙananan gatura biyu masu rami irin na kanti, biyu sun isa. Allo kuwa ku sayi katako mai taushi wurin 'yan katako, ku riƙa yayyafa masa ruwa. Itacen aduwa ya yi tauri, gatari zai dawo muku, kada kuma a sare itace ko ɗaya saboda wasa. Ƙananan yara su tsaya nesa, 'yan mata kuwa a ba su nasu layi, don jifan nan dabara yake so, ba ƙarfi ba.

Kafin kome, ka koma wurin dattawa da ladabi, ka roƙi ɗayansu ya zama alƙalin wasa. Shi kuma zai raka ka gidan mai unguwa ku gaya masa. In ya yarda, ku gayyaci 'ya'yansa su zo su jefa tare da ku. Ka rubuto mini yadda kuka ƙare.