Jami'a Ta Iso Dutse, Saura Ɗan Ƙauye Ya Iso Jami'a

Sharhinmu na yau zai duba makarantun Dutse da kewayenta, tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa jami'a, tare da tambayar da ya kamata kowane uba da kowace uwa a wannan yanki su riƙa yi: a cikin ɗaliban da ke cika waɗannan manyan makarantu, ina 'ya'yanmu?

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta mayar da Dutse babban birninta. Dattawan unguwannin Garu da Limawa ba su manta yadda garin yake a wancan lokaci ba. Duk yaron da ya gama sakandare yana son digiri, sai ya ɗaure kayansa ya nufi Jami'ar Bayero a Kano, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Maiduguri. Wanda iyayensa ba su da kuɗin mota da na masauki, karatunsa ya tsaya nan. 'Ya mace kuwa, sau da yawa tun kafin a zo maganar kuɗi, nisan hanya ya riga ya yanke hukunci.

Yau labari ya sha bamban. A shekarar 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya guda 9, Dutse ta samu ɗaya, Farfesa Jibrila Dahiru Amin ya zama shugabanta na farko. Bayansa Farfesa Fatima Batul Mukhtar ta riƙe ta daga 2016 zuwa 2021, abin da ya nuna wa 'yan matan wannan yanki cewa mace tana iya jan ragamar jami'a sukutum. Asibitin Rasheed Shekoni ya koma asibitin koyarwa, inda ɗaliban likitanci ke samun horo ba tare da sun bar garin ba. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta jiha a cikin Dutse. A Kafin Hausa akwai jami'ar jiha da aka kafa a 2013, wadda ke ɗauke da sunan Sule Lamido. A Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, an buɗe Jami'ar Khadija. Birnin Kudu na da makarantar horar da ma'aikatan jinya da ungozoma, Jahun na da ta fasahar kiwon lafiya, Gumel na da Kwalejin Ilimi, Ringim na da ta shari'a da nazarin Musulunci. A matakin sakandare ga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Kiyawa, ga makarantar yara masu hazaƙa ta Bamaina, ga tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda cikin waɗanda suka zauna a azuzuwanta har da Alhaji Aliko Dangote.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma duk wanda ke zaune a Dutse yana ganinsa da idonsa. Unguwanni sun faɗaɗa, an gina gidajen haya na ɗalibai, masu adaidaita sahu da 'yan acaɓa da masu sayar da abinci da masu shagunan kwafin takardu duk suna samun na cefane. An gane nauyin jami'a a aljihun talaka a shekarar 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai wata 8. Ɗalibai suka watse, ɗakunan haya suka zauna a kulle, ciniki ya ja baya.

To amma an kafa jami'a ne domin ta ilmantar, cinikin da take kawowa ƙari ne kawai. A nan ne ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya. Daga Kudai ko Chamo ko Sakwaya ko Jigawar Tsada zuwa ƙofar Jami'ar Tarayya, ɗan acaɓa zai kai mutum cikin ɗan lokaci. Yaron da aka haifa a waɗannan garuruwa kuwa, kafin ya shiga wannan ƙofa a matsayin ɗalibi, sai ya yi shekara 12 yana tafiya: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babba. Sai ya fito da kiredit 5 a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci. Sai ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta. Yara da yawa a karkararmu suna faɗuwa a wannan doguwar hanya, kuma galibinsu tun a zangon farko suke faɗuwa.

Tsarin ba da gurbi a jami'o'in tarayya ya yi wa irin jiharmu tanadi. Kashi 45 cikin ɗari ana bayarwa bisa cancanta daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani, Jigawa na cikinsu. Gurbi yana nan yana jira. Sai dai gurbi ba ya karɓar yaron da bai cika sharaɗi ba, kuma ba laifin jami'a ba ne idan ta ba wa wanda ya cika. Jami'ar tarayya ta kowa ce, kuma zuwan ɗalibai daga Legas da Binuwai da Borno arziki ne ga Dutse, domin yaranmu suna ƙaruwa da cuɗanya da su. Abin damuwa shi ne ɗan gari ya ƙare a kan babur yana kai ɗalibai makaranta, alhali da ya samu malami nagari a aji biyu, da shi ma yana cikinsu.

Matsalar tana farawa ne daga iya karatu. Yaron da ya kai aji huɗu bai iya haɗa baƙi da wasali ya karanta jimla guda da Hausa ba, duk darasin da za a ɗora masa daga baya zubewa zai yi. Ana ciyar da shi gaba daga aji zuwa aji saboda kada a cika benci, ya shiga sakandare yana kwafar abin da ke kan allo ba tare da ya san ma'anarsa ba, ranar jarrabawar fita kuma a ga sakamako ya lalace, a ɗora laifi a kan makarantar sakandare. Alhali ɓarnar ta faru shekara takwas kafin nan, a wani aji mai cunkoso, inda malami ɗaya ke fama da yaran da suka ninka abin da ya kamata. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malamin firamare ɗaya ya riƙe yara 35. Duk wanda ya leƙa makarantun ƙauyukanmu da na unguwannin da suka cika a cikin gari ya san an wuce wannan adadi nesa ba kusa ba.

A kan wannan sai a ƙara wasu nauye-nauye da mutanen yankin suka sani sarai. Da damina ta kankama, yara su koma gona. Ranar kasuwar Shuwarin, wasu azuzuwan sai su rage. Yarinya ta ɗauki farantin talla a lokacin da ya kamata tana aji. A shekarar 2022 ambaliya ta mamaye sassa da dama na jihar, makarantu suka zama mafakar waɗanda gidajensu suka rushe, karatu ya tsaya. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne, amma doka ba ta zuwa gida ta tashi yaro da safe. Wannan aikin iyaye ne da masu unguwanni da limamai.

Mutanen Dutse sun san dabino fiye da kowa. Wanda ya dasa shi yana shekaru yana ban ruwa, yana kare shi daga dabbobi, kafin ya ga nonon farko, kuma ba wanda ke zuwa ranar girbi ya nemi 'ya'ya a bishiyar da bai raina ba. Malamin aji ɗaya shi ne mai wannan ban ruwa. Duk likitan da zai fito daga asibitin koyarwa na Dutse, da duk injiniyan da zai fito daga kwalejin fasaha, wani malami ne ya fara kama hannunsa ya koya masa riƙe fensir. Gwamnatin jiha ta ɗauki malamai a ƙarƙashin shirin J-Teach, daga baya ta mayar da dubbai daga cikinsu ma'aikatan dindindin, kuma wannan mataki ne da ya cancanci yabo. Abin da ya rage shi ne rabon malaman ya bi buƙata. Kada makarantun cikin gari su cika da malamai, ta ƙauye ta zauna da hedimasta da mutum biyu. Malamin da ya yarda ya zauna a Miga ko Buji ko can cikin Gwaram ya cancanci alawus na musamman da ɗakin kwana mai mutunci da ƙarin girma a kan lokaci.

Maganar 'ya'ya mata kuwa, asibiti ya isa shaida. Tun 2008 ƙungiyar likitocin ƙasa da ƙasa ta MSF ke aiki a babban asibitin Jahun, tana karɓar haihuwa mai wahala da yi wa masu yoyon fitsari aiki. Kowane magidanci yana so idan iyalinsa ta je awo ko haihuwa, mace ce za ta duba ta. Wannan ungozoma da wannan likita ba daga sama za su faɗo ba. Yarinyar da aka bari ta gama sakandare a Kiyawa ko Jahun ita ce za ta shiga makarantar ungozoma ta Birnin Kudu, ta dawo ta karɓi haihuwar ƙannenta da maƙwabtanta. Yanzu da makarantun suka matso kusa da gida, uzurin nisa ya ragu ƙwarai.

Su ma manyan makarantun akwai haƙƙin gari a kansu. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gumel da na tsangayar ilimi ta Kafin Hausa suna fita koyarwar gwaji kowace shekara. A tura su inda aka fi ƙarancin malamai, a kuma bi su a ga abin da suke yi. Ɗakunan kwamfuta na jami'a da na kwalejin fasaha suna iya buɗe ƙofa a lokacin hutu, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun gwamnati su zo su saba da na'urar kafin ranar JAMB, kada yaro ya fara taɓa ta a ranar da makomarsa ke kanta. Binciken malamai da na ɗalibai ya karkata ga abin da ke ci wa jama'a tuwo a ƙwarya: irin dabinon da zai fi yabanya, tunda ga tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR a Dutse, yadda za a adana riɗi da zoɓorodo su kai kasuwar waje da daraja, yadda za a rage ɓarnar ambaliya, da hanyar da ta fi saurin koya wa ɗan shekara shida karatu da harshen da yake ji. Manomi da ya ga amfanin jami'a a gonarsa ba sai an roƙe shi ya sa ɗansa a makaranta ba.

Haka nan kada a manta da almajiran tsangayu. Yaron da ya iya haddace Alƙur'ani ya riga ya nuna kaifin ƙwaƙwalwa da juriya. Idan aka haɗa masa da lissafi da karatun boko da sana'a, cikin girmama alarammansa da shawara da su, babu kwas ɗin da zai gagare shi.

Saboda haka kiranmu ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta jiha shi ne ta riƙa auna iya karatun yaran aji uku a kowace makaranta, ta kuma sanar da iyaye sakamakon, domin a san inda za a kai ɗauki tun da wuri. Kwamitocin kula da makarantu na al'umma su farka, su san malamin da ke zuwa da wanda ba ya zuwa, su san yaron da ya daina zuwa da dalilinsa. Masarautar Dutse, da hakimanta da dagatanta a ƙananan hukumomi 7 da ke ƙarƙashinta, tana da muryar da ake ji a kowane zaure. Tsofaffin ɗalibai da masu hannu da shuni su tuna da firamaren da ta yaye su, ko da benci ne ko rufin aji ɗaya. Iyaye kuma, abu mafi sauƙi da za ku yi daga yau shi ne ku ce wa yaro ya ɗauko littafinsa ya karanta muku layi biyu da babbar murya. Ko ba ku yi boko ba, kunnenku zai gaya muku ko yana karatu ko yana lalube. Idan lalube yake yi, gobe ku je ku ga malaminsa, kada ku jira sai ya kai ajin ƙarshe.

Allah Ya yi wa 'ya'yanmu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamansu da alheri.